Iliya a Gindin Itace: Darasi a Kan Ciwon Baƙin Ciki

Wurin karatu: I Sarakuna 19:1-21. A duba kuma Zabura 88, da I Tasalonikawa 5:14.

Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2.

Manufar darasi: Mu gane cututtukan da ke kama yanayin zuciyar mutum, mu iya rarrabe su da baƙin ciki na kullum, mu kuma koyi bi da masu su kamar yadda Ubangiji ya bi da bawansa Iliya.

Gabatarwa

Akwai wata cuta wadda ba ta da ƙurji, ba ta kumbura jiki, ma'aunin zazzaɓi kuma ba ya nuna ta. Duk da haka tana kwantar da mutum kamar yadda kowace babbar cuta ke yi. Da wuya a sami ekklesiyar da ba ta da mai ita. Ga macen da ta daina zuwa zumuntar mata tun da ta haihu, tana zaune da jariri a cinya amma ba ta dubansa. Ga dattijon da ciyawa ta cinye gonarsa, shi kuwa ba a taɓa saninsa da ƙyuya ba. Ga kuma saurayin da ya yi kwana bakwai bai runtsa ba yana wa'azi a bakin kasuwa, bayan wata biyu ya kasa fitowa daga ɗaki.

Mu kan ce da ta fari ba ta da godiya, na biyu bangaskiyarsa ta yi sanyi, na uku kuwa ko annabi ne ko mai aljanu. Ya kamata mu yi hankali, gama maganar da muka faɗa a kansu, da abin da muka yi ko muka bari, suna iya zama dalilin rayuwarsu ko mutuwarsu. Saboda haka bari mu fara da Maganar Allah, sa'an nan mu ji abin da masana suka gano.

I. Abin da ya sami Iliya

A sura 18 mun ga Iliya a bisa Dutsen Karmel, shi kaɗai a gaban annabawan Ba'al 450. Wuta ta sauko, jama'a suka fāɗi rubda ciki, ruwan sama ya zo bayan shekarun fari. Sura 19 kuwa ta buɗe da saƙon Yezebel, cewa kafin gobe war haka za ta kashe shi. Mutumin da bai ji tsoron sarki ba sai ya tashi ya gudu.

Mu lura da matakan faɗuwarsa. Ya yi tafiyar kusan mil 100 daga Yezreyel zuwa Biyer-sheba. A can ya bar baransa, wato ya rabu da mutum ɗaya tak da ke tare da shi. Ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace mai ƙarancin inuwa wanda Ibraniyawa ke kira rotem. Nan ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, yana ganin kansa bai fi kakanninsa da kome ba.

Kalmar Ibrananci da aka juya "rai" a aya ta 4 ita ce nefesh. Asalinta tana nufin maƙogwaro, inda numfashi da abinci ke bi, daga nan ta zama sunan mutum ɗungum. Ibraniyawa ba su tsaga mutum biyu, jiki a gefe ɗaya, ruhu a ɗaya gefen. Iliya duka ne ya gaji.

Ba mu da ikon sa wa annabi sunan cuta, gama Nassi bai sa masa ba, mu kuwa ba likitocinsa ba ne. Amma abin da aka nuna mana a fili ya ke: babban bawan Allah ya kai inda ya fi son mutuwa da rai, Allah kuwa bai yashe shi ba. Musa ma ya yi irin wannan roƙo (Littafin Lissafi 11:15), haka Yunana (4:3). Bulus ya shaida wa Korintiyawa cewa a Asiya nauyi ya fi ƙarfinsa har ya fid da zuciya ga rai (II Korintiyawa 1:8).

II. Baƙin ciki na kullum, da baƙin ciki wanda ya zama cuta

Baƙin ciki a kansa ba cuta ba ne. Ibrahim ya yi makokin Saratu, Ubangijinmu kuma ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru. Mai makoki ya kan ji zafin rashi yana zuwa yana tafiya. In 'yan'uwa suka zo gaisuwa ya kan sami sauƙi, bai kuwa raina kansa ba. Da tafiyar kwanaki nauyin ya kan ragu.

Ciwon baƙin ciki, wanda waɗansu ke kira ciwon damuwa, likitoci kuma ke kira difireshan, dabam ne. Likita ya kan nemi alamu tara:

1. Baƙin ciki yawancin yini, kusan kowace rana.
2. Rashin jin daɗin abin da mutum ke so a dā, ko aiki, ko hira, ko waƙa.
3. Cin abinci ya ragu ƙwarai har mutum ya rame, ko kuwa ya ƙaru.
4. Barci ya ɓaci: mutum ya farka tun kafin carar zakara ya kasa komawa, ko ya yi ta barci ba iyaka.
5. Nawa cikin tafiya da magana, ko rashin zama wuri ɗaya.
6. Gajiya ba tare da aiki ba.
7. Ganin kai ba shi da amfani, da ɗora wa kai laifin da ya wuce kima.
8. Kasa tattara hankali ko yanke shawara.
9. Yawan tunanin mutuwa, ko na kashe kai.

Idan biyar daga cikin waɗannan sun haɗu, ɗayansu kuwa ta fari ce ko ta biyu, suka kai mako biyu, suka kuma hana mutum aikinsa, to, cuta ce, tana bukatar magani.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan ciwo ya iya ɓuya. Mutane da yawa a Nijeriya ba su cewa suna baƙin ciki. Sai su ce kansu yana zafi, ko wani abu yana yawo cikin jikinsu, ko ƙirjinsu ya yi nauyi, ko tunani ya yi musu yawa. Su kan sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot sau da dama ba sauƙi, gama ba a taɓa tambayarsu game da barcinsu da zuciyarsu ba.

Cutar kuwa ba ta ƙanƙanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 280 ne ke ɗauke da ita, mata kuma sun fi maza kamuwa. A zamanin mulkin Turawa waɗansu likitoci sun rubuta cewa wai ba ta cika kama mutanen Afirka ba. Binciken da Dokta Thomas Adeoye Lambo da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Yarabawa, wanda aka buga a 1963, yana cikin ayyukan da suka nuna cewa wannan zato kuskure ne.

III. Ciwon hawa da gangara, da sauran danginsa

Akwai wata cuta kuma wadda ke da fuska biyu. Likitoci suna kiranta baifola; mu a nan za mu ce ciwon hawa da gangara. Mai ita ya kan gangara cikin baƙin cikin da muka bayyana, a wani lokaci kuma ya hau sama fiye da kima. Sa'an da ya hau, barcin sa'a biyu ko uku ya ishe shi, ba ya kuwa jin gajiya. Magana ta kan yi ta zuba har ba mai iya katse shi. Tunani yana tsere, ya kama wannan aiki ya saki ya kama wancan. Ya kan ga kansa babban mutum, ya sayar da hatsin gida ko akuyoyi ya rabar da kuɗin, ya ci bashi, ya yi fushi da duk wanda ya hana shi. In wannan hali ya kai mako guda, ko ya yi tsanani har sai an kwantar da mutum a asibiti, shi ne babban hawa. Akwai kuma ƙaramin hawa, na kwana huɗu ko fiye, wanda mutane kan ɗauka himma ce kawai. Tsakanin hawa da gangara mutum yana iya zama lafiya lau har watanni ko shekaru.

Yawanci cutar ta kan fara ne a ƙarshen ƙuruciya ko farkon shekaru ashirin. Hukumar nan ta lissafta mutum wajen miliyan 40 masu ita a 2019. An daɗe da saninta: wani likitan Faransa, Jean-Pierre Falret, ya bayyana zagayenta a 1854, Emil Kraepelin na Jamus kuma ya ware ta daga sauran cututtukan hankali a 1899.

A nan ekklesiya tana bukatar hikima ta musamman, gama a wurin mai bi hawan ya kan sa rigar addini. Mutum ya ce Allah ya aike shi ga dukan duniya, ya ƙi barci, ya ƙi jin dattawa. Mu tuna kamewa tana cikin 'ya'yan Ruhu (Galatiyawa 5:22-23), Bulus kuma ya koyar cewa annabi na gaskiya yana iya yin shiru ya ba wani wuri (I Korintiyawa 14:29-33). Wanda ya kasa tsayawa, ya kasa barci, halinsa kuma ya sāke farat ɗaya, a kai shi wurin likita kafin a ba shi bagadi, kafin kuma a sa shi ƙarƙashin horo. Iliya a Karmel ba haka ya ke ba, gama ya yi kome bisa ga umarni, cikin natsuwa da tsari.

Sauran dangin waɗannan cututtuka su ne:

Baƙin ciki mai daɗewa. Bai kai na fari tsanani ba, amma ya kan ɗauki shekara biyu ko fiye, har mutane su ce halin wāne ke nan.

Ƙaramin hawa da ƙaramar gangara masu bin juna shekara da shekaru.

Baƙin cikin jego. Mata da yawa su kan yi kuka da rashin sukuni 'yan kwanaki bayan haihuwa, wannan kuwa ya kan wuce kafin mako biyu. Amma fiye da mace ɗaya cikin goma ta kan shiga ciwon sosai, lokacin ciki ko bayan haihuwa. Ɗaya ko biyu cikin dubu kuma hankalinsu ya kan rikice gaba ɗaya a makonnin fari. Wannan na gaggawa ne, a kai ta asibiti a ranar, kada kuwa a bar ta ita kaɗai da jariri.

Baƙin cikin hunturu, wanda aka fi sani a ƙasashen arewacin duniya inda rana ke gajarta ƙwarai a lokacin sanyi.

IV. Daga ina su ke fitowa?

Almajirai sun tambayi Yesu ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho. Ya amsa musu cewa ba nasa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba (Yohanna 9:1-3). Abokan Ayuba sun yi ta neman ɓoyayyen laifi a wurinsa, a ƙarshe kuwa su ne Allah ya tsauta wa (Ayuba 42:7). Gaskiya ne zunubin da aka ɓoye yana nauyaya zuciya, kamar yadda Zabura 32 ta nuna, maganinsa kuwa tuba ne. Amma mai ciwon baƙin ciki ya kan tuba sau ɗari a kan laifin da bai yi ba, ko wanda aka gafarta masa tun tuni, nauyin kuwa yana nan. Ganin laifin nan alama ce ta cutar, kamar yadda rawar jiki alama ce ta zazzaɓi.

Waɗansu za su ce aljanu ne. Mu lura Matta 4:24 ya jera waɗanda aka kawo wa Yesu kashi kashi: masu cututtuka iri iri, da masu aljanu, da masu farfaɗiya, da shanyayyu. Mai bishara bai zuba su cikin ƙwarya ɗaya ba, mu ma kada mu yi haka.

Tun kafin haihuwar Kristi likitocin Hellenawa, su Hifokiratis, sun ga cewa wannan ciwo na jiki ne, ko da ya ke sun zaci baƙin ruwan maɗaciya ke kawo shi. Masana na yau sun gane cewa dalili ba ɗaya ba ne. Akwai gādo: cututtukan nan su kan bi dangi, musamman ciwon hawa da gangara, ko da ya ke yawancin 'ya'yan mai shi ba su kamuwa. Akwai aikin ƙwaƙwalwa kanta, da yadda ta ke sarrafa barci da tsoro da jin daɗi. Akwai wahalar rai: rashin miji ko ɗa, talauci, bashi, duka a gidan aure, wulakanci a ƙuruciya, gudun hijira bayan an ƙone gari. Akwai cututtukan jiki, kamar ƙarancin jini, ko lalacewar ƙwayar nan ta wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Akwai kuma giya da ƙwayoyi, waɗanda mutum kan sha don ya manta, su kuwa su ƙara zurfafa ramin. Yawanci biyu ko uku ne ke haɗuwa a kan mutum ɗaya.

Tarihin ekklesiya ma ya shaida cewa cutar ba ta tsallake masu bangaskiya. Charles Spurgeon, babban mai wa'azi na Ingila, ya yi fama da ita shekaru da yawa, musamman bayan 1856, sa'an da mutum bakwai suka mutu cikin turmutsitsi a wurin da ya ke wa'azi. Bai ɓoye wa ɗalibansa ba. William Cowper, mai rubuta waƙoƙin sujada, ya faɗa cikinta sau da dama, har a 1773 ya gaskata Allah ya yashe shi. Fastonsa John Newton ya ɗauke shi cikin gidansa fiye da shekara guda.

V. Yadda Ubangiji ya bi da Iliya

Yanzu mu koma gindin itacen, mu duba abin da Allah ya yi, bi da bi.

Da fari, ya bar shi ya yi barci, ya kuma ciyar da shi. Mala'ika ya taɓa shi, ga waina da tulun ruwa kusa da kansa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya. Mala'ikan ya komo na biyu da abinci, gama tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Ba tsautawa ko ɗaya, ba kuwa wa'azi. Wanda ya yi jiki ya san bukatar jiki.

Na biyu, ya ba shi lokaci. Kwana arba'in Iliya ya yi a hanya kafin ya kai Horeb, Allah kuwa bai gaggauta shi ba.

Na uku, ya tambaye shi, ya kuma saurara. Sau biyu ya tambaye shi abin da ya kawo shi wurin, sau biyu Iliya ya mai da amsa iri ɗaya, Allah kuwa ya ji shi har ƙarshe. Iska mai ƙarfi ta wuce, da rawar ƙasa, da wuta, amma cikin ƙaramar murya mai taushi ne ya kusato bawansa.

Na huɗu, ya gyara tunaninsa. Iliya ya ce shi kaɗai ya rage. Amma a sura 18:13 Obadiya ya riga ya gaya masa cewa ya ɓoye annabawa ɗari cikin kogo yana ciyar da su. Iliya ya san wannan, duhun zuciya ne ya rufe masa shi. Haka ciwon baƙin ciki ke yi: ya kan ɓoye wa mutum kowane alheri, ya bar masa mugun labari kaɗai. Allah ya amsa masa da lissafi, cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Amma mu lura sai a ƙarshe ya faɗi wannan, bayan abinci da hutu da sauraro.

Na biyar, ya ba shi aikin da zai iya, da abokin tafiya. Ya aike shi ya keɓe Hazayel da Yehu da Elisha. Mutumin da ya bar baransa a Biyer-sheba ya ƙare surar tare da Elisha yana yi masa hidima.

VI. Maganin likita baiwar Allah ne

Ishaya ya kawo wa Hezekiya alkawarin warkewa daga wurin Allah, shi ne kuma ya umarta a ɗaura curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21). Bulus yana ƙaunar Luka likita (Kolosiyawa 4:14). Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Magani iri biyu ne. Na fari na magana ne. A shekarun 1960 wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya tsara hanyar taimakon majiyyaci ya kama mugayen tunaninsa ɗaya ɗaya, ya auna su da gaskiya, ya kuma koma ga ƙananan ayyuka kaɗan kaɗan. Ba lalle sai babban likita ba: a Zimbabuwe, tun daga 2006, Dokta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata zama a kan benci kusa da asibiti suna sauraron masu damuwa, gwaji kuma ya nuna aikin yana da amfani.

Na biyu na sha ne. A 1949 John Cade na Ostareliya ya nuna cewa gishirin litiyam yana kwantar da hawa. A 1957 Roland Kuhn na Suwizalan ya ba da labarin ɗaya daga cikin magungunan fari na baƙin ciki, an kuma sami waɗansu da yawa bayansa. Ga abin da ya kamata kowane mai jiyya ya sani. Maganin baƙin ciki ba ya aiki a rana ɗaya. Ya kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga sauƙi. Bayan an warke a kan ci gaba da sha aƙalla wata shida, kada a yanke shi farat ɗaya. A gaya wa likita idan mutumin ya taɓa hawa, gama maganin baƙin ciki shi kaɗai yana iya tā da hawan. Mai shan litiyam yana bukatar gwajin jini a kai a kai, da shan ruwa isasshe. Gudawa, ko zufar bazara, ko azumin da ba a shan ruwa, suna iya sa maganin ya yi yawa cikin jini har ya zama dafi. Mace mai ciki, ko mai neman ciki, ta shaida wa likita, gama waɗansu magungunan suna cutar ɗan tayi. Mai ciwon hawa da gangara kuwa sau da yawa zai sha magani shekaru, kamar mai ciwon sukari, ba kuwa abin kunya ba ne.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, da Aro ta Abekuta, da waɗansu wurare, asibitocin koyarwa kamar na Jos kuma suna da sashen wannan aiki. A Aro ne Dokta Lambo ya fara wani tsari a 1954, inda majiyyata ke sauka a ƙauyukan kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Ya gane cewa dangi rabin magani ne. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tsare haƙƙin majiyyata.

VII. Aikin ekklesiya

A I Tasalonikawa 5:14 Bulus ya ambaci mutane iri uku, kowa da abin da ya dace da shi: masu zaman banza a gargaɗe su, masu karayar zuciya a ƙarfafa su, raunana a tallafe su. Kalmar Hellenanci ta kashi na biyu tana nufin waɗanda ransu ya ƙanƙance. In muka ba mai karayar zuciya gargaɗin da ya dace da malalaci, mun ƙara wa jaki kaya a kan miki.

Saboda haka mu je wurinsu, gama zumunta a ƙafa ta ke, mai wannan ciwo kuwa ba zai zo da kansa ba. Mu zauna ko ba magana. Abokan Ayuba sun yi daidai cikin kwana bakwai da suka yi shiru. Mu kai tuwo, mu yi masa gayya a gona, mu ɗauki jariri uwar ta yi barci. Kada mu ce masa ya yi murna kawai, gama Misalai 25:20 ya kamanta yi wa mai baƙin ciki waƙa da tuɓe wa mutum riga ranar sanyi. Kada mu sa shi dogon azumi ko kwanan addu'a, tun da ya ke rashin ci da rashin barci suna ƙara cutar, rashin barci kuma yana tā da hawa. Kada mai wa'azi ya ce a zubar da magani don nuna bangaskiya. Sarƙa da mari da bulala kuwa ba su da wuri cikin gidan Allah; ba su taɓa warkar da kowa ba.

Sa'an da mutum ya sauko daga hawa ya ga bashin da ya ci da maganganun da ya yi, kunya ta kan rufe shi. Lokacin nan ne ya fi bukatar dattawa su tsaya tare da shi, su taimake shi gyara abin da ya ɓaci.

Abu mafi nauyi shi ne wannan. Fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a duniya kowace shekara, shan maganin ƙwari kuma yana cikin manyan hanyoyin, musamman a ƙauyuka. In ɗan'uwa ya ce ya gaji da duniya, ko ya fara rarraba kayansa yana sallama, kada mu ce wasa ya ke yi. Mu tambaye shi a fili, da taushin murya, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Sau da yawa sauƙi ta ke kawowa. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya da makami da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai shi asibiti a ranar.

Ga wanda ke cikin duhun nan yau kuwa, yana jin wannan darasi, muna cewa: Allah ya sa Zabura 88 cikin Littafinsa saboda kai. Yawancin zaburan kuka su kan juya ga yabo kafin su ƙare, amma wannan ba ta juya ba. A Ibrananci kalmarta ta ƙarshe duhu ce. Duk da haka addu'a ce, an kuwa karɓe ta. Yesu kansa ya shiga matsanancin baƙin ciki a Jatsaimani, ya kuma roƙi abokansa uku su zauna a faɗake tare da shi (Markus 14:33-34). Cetonka yana rataye ga aikinsa, ko kana jin daɗi ko ba ka ji. Yawancin masu wannan ciwo su kan sami sauƙi in an yi musu magani. Ka gaya wa mutum ɗaya yau.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa ne suka gajiyar da Iliya kafin ya kai gindin itacen?
2. Don me Allah ya fara da abinci da barci kafin magana?
3. Ta yaya za mu rarrabe makoki da ciwon baƙin ciki?
4. Me ya kamata dattawa su yi da mai bi wanda ya daina barci, yana cewa an aike shi?
5. Ina ne asibiti mafi kusa da mu inda a ke duba wannan ciwo? Wa zai raka majiyyaci, da wane kuɗi?
6. Wane ne ya daɗe bai zo sujada ba? Wa zai je wurinsa cikin makon nan?

Addu'a

Ya Ubangiji Allahnmu, kai da ka ciyar da Iliya a jeji, ka dubi 'yan'uwanmu waɗanda ransu ya ƙanƙance. Ka ba su barci, ka ba su mai sauraro, ka sa albarka ga hannun likitoci. Ka tsare bakinmu daga hukunci, ka sa ƙafafunmu su kai mu ƙofarsu. Cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.